Garmar Baba Ilu a Greensboro

Tun da na dawo daga Amurka ban taɓa zama a majalisarmu ta bayan La'asar ba face an tambaye ni yadda ƙasar take. Na lura kowa da amsar da yake jira. Wani so yake in ce masa aljannar duniya ce, wani kuma so yake in ce ta lalace, don ransa ya kwanta da zaman da yake yi a gida. Ni kuwa gari ɗaya na gani, Greensboro, a jihar North Carolina, shi ma ban gama ganinsa ba. Saboda haka na ga gara in zauna in rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa. Mafi yawan abin da zan faɗa labarin wani dattijo ne da garmarsa, domin duk sa'ad da na yi niyyar ba da labarin hanyoyi da gine-gine, sai in tarar bakina ya koma kansa.

Ƙanena Nasiru ne ya gayyace ni. Ya daɗe a can yana aiki a wani kantin magani, ni kuma ina koyar da adabin gargajiya a wata kwalejin ilimi, aikin da furfura ta same ni a cikinsa. Ana gab da tafiyata ya kira ni ya ce, "Yaya, akwai saƙo ɗaya da za ka taho da shi, amma kada ka yi dariya. Ganga nake so."

Na ce, "Ganga? Ka bar magani ka koma roƙo ne?"

Ya ce ba tasa ba ce, ta wani bawan Allah ce mai suna Baba Ilu, mutumin ƙauyukan Katsina, ɗan hoto. Ga wanda bai san 'yan hoto ba, su ne masu wasa da garma: su cilla ƙatuwar garmar noma sama, su tare ta da ƙirji ko kafaɗa ko cinya, makaɗi yana zuga su. Baba Ilu ya je Amurka tun yana da ƙarfinsa, cikin wata tawagar wasannin gargajiya. Tawaga ta dawo, shi ya zauna. Tun daga lokacin yake dakon kwalaye a wani katafaren sito, yanzu kuma bayansa ya fara ƙi. Wani tsohon gidan wasa da ke tsakiyar gari ya sa ranar da kowa zai iya hawa dandamali ya nuna abin da ya iya, wanda 'yan kallo suka fi tafa wa kuwa za a ɗauke shi cikin ƙungiyar gidan, ya riƙa zagaya makarantu da bukukuwa tare da su. Baba Ilu ya ba da sunansa. Ya kuma faɗa a gaban mutane cewa idan ba a karɓe shi ba, ya ajiye garma ke nan har abada.

Na sayi gangar a wurin wani mai ɗaurin ganguna a Kano, sabuwa fil, fatar akuya har da sauran gashi a gefenta. Na naɗe ta da tsohon zane, na rungume ta a mota har Abuja. Direban ya yi ta leƙena ta madubi, da ya kasa haƙuri ya ce, "Alhaji, biki za a je ne?" Na ce masa saƙo ne. Ya ce, "Ai na gani, ba ka yi kama da mai hannu ba." Har yau ban yanke ba ko yabo ne.

Game da jirgi ba ni da abin faɗi mai yawa. An zauna, an ci abinci a 'yan ƙananan kwanuka, an sauka a wani birnin Turai, an sake hawa. Abin da ya dame ni shi ne lokacin sallah, domin rana ta ƙi faɗuwa, muna bin ta tana gaba. Wani ɗan Senegal da ke kusa da ni, wanda ba mu da yare ɗaya, ya nuna mini agogonsa, na nuna masa nawa, kowanne da abin da yake faɗa. Muka yi dariya, muka yi sallarmu a zaune.

A filin jirgin da muka fara sauka a Amurka, jami'in shige da fice bai wahalar da ni ba. Ya tambayi wurin wanda na zo da ranar komawa, ya miƙo mini fasfona. A wajen kwastan aka tsaya. Na riga na amsa cewa ina ɗauke da abin da aka yi da jikin dabba, domin ban ga dalilin yin ƙarya a kan ganga ba. Wata jami'a mai fara'a ta sa safar hannu ta warware zanen, ta shafa gashin gefen, ta kira wani suka yi shawara. Sai ta yi mini bayani a hankali cewa fatar ba ta jemu yadda dokarsu take so ba, irinta tana iya ɗauko cutar dabbobi, saboda haka ba za ta shiga ƙasar ba. Na kwashe labarin Baba Ilu na faɗa mata da dukan Turancin da na tara a jami'a. Ta saurara har ƙarshe, ta ce abin bai yi mata daɗi ba, kuma na ga alamar da gaske take. Kafin ta ɗauke, ta ɗan taɓa fatar da yatsu biyu, gangar ta amsa, mutanen da ke layi suka waiwayo. Iyakar kiɗan da ta yi a Amurka ke nan. Zanen ta miƙo mini, a ninke.

Nasiru ya tarye ni a Greensboro. Da na faɗa masa sai ya ce, "Innalillahi. To wa zai gaya wa Baba Ilu?" Muka dubi juna, na gane ni ne.

Gidansa yana Sedgefield, unguwar da aka gina kewaye da filin wasan golf. Matarsa Bilkisu ta sauke ni a ɗakin baƙi, a sama. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Da safe ƙofofin gareji su ɗaga da kansu, motoci su fita, ƙofofi su sauka, shi ke nan sai yamma. Ba mai talla, ba mai sallama, ba kukan akuya. Wata safiya na ce bari in taka in ga unguwa. Ban yi nisa ba wata mota ta tsaya, wani tsohon Bature ya sauke gilashi ya tambaye ni ko motata ce ta lalace. Na ce tafiya kawai nake yi. Ya dubi babbar rigata, ya ce to motsa jiki ne? Na ce a'a, tafiya dai. Ya ja motarsa yana waiwaye. Da na ba Bilkisu labari ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yaya, a nan in za ka yi tafiyar ƙasa sai ka sa kayan gudu, ko ka ja kare. In ba haka ba sai a ɗauka wani abu ya same ka."

Abincin gida tuwo ne da miya kamar a Zariya, sai dai kuɓewar daga firiza take fitowa. Yaran suna jin Hausa sarai, amma in ka tambaye su da ita, da Turanci za su amsa. A waje kuwa na ɗanɗani wani farin fate na masara da suke karyawa da shi, ba yaji ba daddawa, sai man shanu. Aka kawo mini shayi mai ƙanƙara, da zaƙi kamar an narka alewa. Na shanye don kada in ɓata wa mai kawowa, ita kuwa da ta ga kofi ya yi ƙasa sai ta sake cikawa ban nema ba. Haka muka yi ta yi, ina sha don kunya tana ƙarawa don aiki, har Nasiru ya ce, "Yaya, bar shi a cike, shi ne za ta ƙyale ka."

Ranar da zan je wurin Baba Ilu, Nasiru ya ajiye ni a tashar bas ta tsakiyar gari kan hanyarsa ta zuwa aiki, na hau zuwa Glenwood. Nan ne na fara ganin abin da ya yi kama da unguwa: ƙananan tsofaffin gidaje, ɗalibai a kan kekuna, mutane a zaune a ƙofar gida. Baba Ilu yana hayar ɗaki a bayan gidan Anti Adiza, Bahaushiyar zangon Kumasi, wadda take aiki a gidan kula da tsofaffi, ranar Asabar kuma ta dafa abincin sayarwa. Duk jawabin ban haƙurin da na shirya a bas bai yi amfani ba, domin labari ya riga ni isa ta wayar Bilkisu.

Tun daga ƙofa Anti Adiza ta ce, "Ei, Malam! Kai ne ka kai wa gwamnatin Amurka gudummawar ganga? Shigo ka ci abinci tukuna, sannan mu yi maka faɗa."

Ta zubo mini shinkafa da wake ja-wur, da wani baƙin yaji da suke kira shito. Na ce ai wannan garau-garau ne. Ta ce, "Garau-garau ɗinku bai je makaranta ba, Malam. Ci ka ji."

Baba Ilu ya shigo, dogo, siriri, gemu fari, hannuwa kamar busasshen itace. Ya gaishe ni ya tambayi mutanen gida, ya tambayi yadda damina ta yi, ya saurari amsar da kyau kamar yana da gona a can. Da na fara ba shi haƙuri sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba kai ka hana ba. Ganga ce ta leƙo Amurka ta ce ba za ta iya ba. Ni ma da na yi wayonta, da yanzu ina gida."

Ya kai ni bayan gida ya nuna mini garmar. Ita ce wadda ya zo da ita, ƙotarta ta yi baƙi da santsi saboda hannu. Na gwada ɗagawa, na mayar da ita ƙasa da ladabi. Na tambaye shi me zai hana a sa masa kiɗa daga waya. Ya ce, "Kiɗan waya makaho ne. Makaɗi idonsa yana kan garma, ya san sa'ad da ta tashi da sa'ad da za ta sauko, da shi nake jin inda take." Wani ɗan'uwan Anti Adiza, wanda dā shi ne zai yi kiɗan, ya aro wata ganga daga wurin abokinsa, amma da Baba Ilu ya saurare ta sai ya ce da wani yare take magana. Daga ƙarshe ya yarda makaɗin gidan wasan ya buga masa abin da ya sawwaƙa.

Na ce masa, "Baba, da bayan naka fa?"

Ya ce, "Wasa ɗan lokaci ne, dako kuwa yini ne."

Na ce to me ya sa ya ɗora wa kansa alkawarin ajiye ta, tun da ba wanda ya tilasta masa? Ya dubi itatuwan da ke bakin shinge ya ce, "Shekara da shekaru ina cilla ta a nan, ba mai kallo sai kuregu. Ɗan hoto ba ya wasa shi kaɗai, Malam. In mutane ba sa so, to ni ba ɗan hoto ba ne, tsoho ne mai jifan sama."

Anti Adiza kuwa ta riga ta gama shirinta. Ta bi Hausawan garin ɗaya bayan ɗaya, na Nijeriya da na Gana da na Nijar, wasu har da musayar shif, wato lokacin aiki, da abokan aikinsu. Ta ce, "An ce tafi ne ƙuri'a? To mu da muke tafi tun muna bayan uwayenmu? Su jira su gani."

Ranar Lahadi da yamma muka hallara a gidan wasan, kusa da titin Elm. Tsohon gini ne mai jajayen kujeru da bene a ciki. Muka cika layuka uku na baya, manyan riguna da gyale da hijabi, ana ta gaisawa har sai da aka kashe fitilu. Kujerata ta faɗa a ƙarshen layi, kusa da wata tsohuwa baƙar fata mai hular zuwa coci, wadda ta ce sunanta Loreta. Da ta ji baƙo ne ni, sai ta ɗauki nauyin yi mini bayani.

Irin wannan wasa suna kiransa bodibil. Ba labari ɗaya ba ne, wasanni ne iri-iri a jere, kowa ya yi nasa ya sauka. Ta ce kafin silima da rediyo su kwashe mutane, shi ne nishaɗin gari. Aka fara da 'yan ƙungiyar gidan. Wani ya yi rawa da takalmi mai ƙarfe a ƙasa, ƙafarsa ita ce gangarsa. Wata ta ɗora faranti a kan sanduna tana juya su, tana gudu daga wannan zuwa wancan kafin ya faɗi. Wani ya zauna da 'yar tsana a cinya, 'yar tsanar tana yi masa rashin kunya, bakinsa ko motsi ba ya yi. Mai barkwanci ya zo, ɗaki ya yi ta dariya, ni ban kama ko ɗaya ba.

Ban ga baƙon abu a cikin wasannin ba. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar ƙauye ya ga 'yan kama da 'yan gambara da masu dabo, kowa da da'irarsa. 'Yan kallon ne baƙi a wurina. Mu a gida rana tana kan kowa, mai wasa yana ganin fuskarka, ka tanka masa ya tanka maka, in ya burge ka ka shiga fili ka liƙa masa a goshi yana tsaka da wasa. A nan kuwa haske yana kan mutum ɗaya, sauran suna cikin duhu, suna riƙe jin daɗinsu har ya gama sannan su sake shi gaba ɗaya. Na tambayi kaina wanne ya fi girmama mai wasa, wanda ya katse shi don ƙauna ko wanda ya yi shiru don kada ya katse shi. 

Da aka yi hutun rabin lokaci na faɗa wa Loreta haka. Ta ce, "Ɗana, ba haka muke ba tun asali." Ta ce a zamanin kakarta, wanda bai iya ba ihu ake yi masa, har da jifa da ruɓaɓɓen tumatir. Ta nuna mini wata doguwar sanda mai lanƙwasar kai da aka jingine a gefen dandamali, ta ce da ita ake saƙalo mutum a janye shi in ya gundure jama'a. Sannan ta nuna benen da ke samanmu. Ta ce kakarta ba ta taɓa zama a ƙasa ba, baƙaƙen fata ta wata ƙofa suke shiga su hau can, wani lokaci su zauna suna kallon Turawan da suka shafa baƙi a fuska suna kwaikwayonsu don a yi dariya. Na ce, kuma suna zuwa? Ta ce, "Suna zuwa, domin bayan wannan akwai mai rawa na gaske. Kuma masu wasa sun sani, in bene bai motsa ba, ba ka yi komai ba."

Aka dawo, aka shiga gasar. Mai gabatarwa, da jar kwat da doguwar hula, ya ɗauki sandar nan ya nuna, aka yi shewa. Wani ya yi waƙa da muryar da ba ta da daɗi, aka yi masa ihu cikin raha, aka saƙalo shi yana dariya. Wata yarinya ta zo da karenta mai tsalle ta cikin zobe, ɗaki ya so ta ƙwarai, na ga Anti Adiza tana harararta, ita da karen. Nasiru ya leƙo ya raɗa wa layukanmu, "Don Allah a bi tsarinsu. In an ce tafi, a tafa. In ba a ce ba, a yi shiru."

Baba Ilu ne na kusa da ƙarshe. Ya fito da warki a kan gajeren wando, garma a kafaɗa. Mai gabatarwa ya ce ga wani daga Afirka da zai cilla ƙarfen da zai iya raba kan mutum, saboda haka yana roƙon kowa ya yi tsit, kada ko tari. Daga baya na fahimci wannan girmamawa ce da suke yi wa wasa mai haɗari. Makaɗin gidan ya kaɗa gangarsa da sauri, ya yi ta hawa, sannan ya tsaya cak.

Baba Ilu ya jira kiɗa ya ci gaba. Bai ci gaba ba. Ya cilla garmar, ba ta yi nisa ba, ya tare da kafaɗa. Shiru. Ya sake cillawa ya tare da cinya. Shiru. Ni da nake cikin jama'a ina ganin abin da ba ya gani: Loreta ta toshe bakinta da hannu, mutumin da ke gabana ya tashi rabi daga kujera. Shi kuwa duhu kawai yake gani. Ya kare idonsa da tafin hannu ya leƙa, yana neman fuska ko ɗaya. A filin da ya koyi wasa, shiru irin wannan ma'anarsa ɗaya ce, wato mutane sun juya baya sun tafi wurin wani. Na ga ya saci kallon sandar nan. Sai ya sauke garmar ƙasa a hankali, ya sunkuya kamar mai shirin sallama.

Na san zugar 'yan hoto, na koyar da ita a aji shekaru da yawa. Ta zo har bakina ta tsaya. Har yanzu ina tambayar kaina ko ladabin baƙunta ne ya riƙe ni ko tsoron a waiwayo a dube ni.

Sai guɗa ta tsaga ɗakin. Anti Adiza ce, a tsaye, hannu a hanci. Ta ɗora da ƙarfi, "Ilu na Katsina! Cilla ta, ɗan baba! Wa ka bar wa saman?"

Aka waiwayo, wasu suna cewa ta yi shiru. Loreta kuwa ta fashe da dariya, ta ajiye jakarta, ta fara tafi mai tsari, tana buga ƙafa a tsakani. Layukanmu suka kama. Can sai na ji bene ya ɗauka, katako yana amsawa a kanmu. Makaɗin ya dubi mai gabatarwa, ya ɗaga kafaɗa, ya bi tafin da gangarsa. Ni ma na tarar ƙafata tana aiki.

Baba Ilu ya miƙe. Ya tofa yawu a hannu, ya zagaya garmar sau ɗaya kamar yana yi mata magana, ya fizge ta ya cilla. Ta wuce fitilu ta ɓace a duhun sama. Ya juya mana baya, ya buɗe hannuwa, ta sauko ta zauna a kafaɗunsa kamar an ajiye. Abin da ya biyo baya ba tafi ba ne kawai, har da kururuwa.

A nan ne Anti Adiza ta yi abin da kowace uwa za ta yi a gida. Ta zaro takardun dala daga jakarta, ta bi tsakanin kujeru tana rangaji, ta nufi matakalar dandamali za ta liƙa masa, garma kuwa ta sake tashi sama. Ma'aikata biyu suka tare ta, cikin ladabi amma ba wasa, suka juya da ita zuwa ƙofa. Da mutanenmu suka ga ana fita da ita, layuka uku suka miƙe gaba ɗaya, domin ba a fitar da babbar mace a bar ta ta fita ita kaɗai. Loreta ta kama hannun rigata ta ce ba a gama ba. Na ce mata yanzu zan dawo.

A waje Anti Adiza tana ta faɗa, rabi da Hausa rabi da Tuwi, yaren Kumasi, ana ba ta baki. Sai wani Alhaji ya dubi sama ya ce Magariba ta yi. Nasiru ya ce ai saura mai wasa ɗaya, kuma dole a ɗan huta kafin zaɓe, akwai lokaci. Muka shimfiɗa riguna da kwalaye a kusurwar wurin ajiye motoci, muka yi sallah.

Da muka koma, ƙofofin ɗakin suna rufe. Wata ma'aikaciya ta ce ƙa'idar gidan ce, ba a buɗewa muddin akwai mutum a kan dandamali, mu jira a tsagaita. Ba a tsagaita ba. Mai wasan ƙarshe yana gamawa aka jera masu gasar duka. Matar ta leƙa ta wata 'yar taga ta ce mana yanzu mai gabatarwa yana ɗora hannu a kan kowannensu, jama'a suna tafawa. Mu da muka bar aiki, muka yi musayar shif, muka cika layuka uku saboda wannan lokaci, muna tsaye a bayan katako.

Tafi ya tashi ya kwanta. Wani ya tashi. Ba mu san na wane ne ba. Anti Adiza ta ce, "Ku tafa wa kowa! Allah ya san wanda muke nufi!" Haka muka tsaya a zaure, manya da furfurarmu, muna tafa wa ƙofa. Wani tafin ya zo mai tsawo ƙwarai. Nasiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan na karen ne."

Aka buɗe ƙofofi, jama'a suka fito suna yi mana murmushi, ba wanda ya iya tambayar wa ya ci a cikinmu. Muka zagaya ƙofar gefe muka jira. Can sai ga Baba Ilu, ya mayar da doguwar rigarsa, garma a naɗe cikin buhu. Ya zauna a kan matakala yana mayar da numfashi. Anti Adiza ta durƙusa a gabansa, ita da ban taɓa jin muryarta a ƙasa ba, ta ce, "Baba, mun yi maka laifi. Ni ce sila."

Ya ce, "Da aka kunna fitila na dubi wurinku, na ga kujeru wayam. Na ce a raina, Ilu, har naka sun gudu."



Ya ci gaba da cewa, "Sai mai gabatarwa ya ɗora mini hannu a ka, tafi ya ƙi tsayawa." Ya goge fuska da hula. "Manajan gidan ya ce in zo ranar Talata da garmata. Ya kuma tambaya ko matar nan mai ihu tana cikin wasan, don in da hali a riƙa zuwa da ita."

Anti Adiza ta zauna daɓas a ƙasa, tana kuka tana dariya, tana cewa wa zai dafa wa mutane shinkafa. Aka yi ta hamdala. Nasiru ya matso yana neman ya sake ba da haƙuri, Baba Ilu ya girgiza kai.

Ya ce, "Bar shi, ɗana. Da kuna ciki, da har in mutu ina cewa tafin 'yan'uwa ne. Waɗannan kuwa ba wanda ya san sunan ubana."

Sannan ya dafa garmar ya miƙe, ya ce a nuna masa alƙibla, shi bai yi Magariba ba.